Tsatsar da Ta Fara Daga Sama

Rannan ɗaya daga cikinku ya miƙo mini wayarsa a bakin warsha, wai in kalli yadda wani Bature ya jawo ruɓaɓɓiyar mota daga cikin ciyawa, ya mayar da ita sabuwa kafin shayin da ke hannuna ya huce. Na kalla har ƙarshe na miƙa masa abarsa. Ya ce ashe aikin nan ba wuya, kankarewa ne da feshi. Ban yi masa musu ba, don wanda bai taɓa kaki ya ga ƙurar ƙarfe a cikin majinarsa ba, ban san ta inda zan fara da shi ba. Amma tunda kun ce kuna son sana'ar, ku gyara zama in ba ku labarin mota guda. Duk abin da hoton wayar nan ya yanke yana cikinta.

Sunana Sani. A nan Sina'iyya, unguwar masu gyaran motoci da ke kusa da Al-Oud a birnin Riyad, Mu'allim Sani ake ce mini. A gida sunan aikina fanalbita, a nan samkari, kuma duk abu ɗaya ne: jikin mota nake gyarawa, injin na wasu ne. A Kano na koya, a wajen wani mutum da ba ya faɗin magana sau biyu. Da farko bai bar ni na taɓa motar kowa ba. Tsohuwar ƙofa ya jefo mini, ya lotsa ta da guduma ya ce in tayar. In na tayar ya sake lotsawa ya yi tafiyarsa. Shi ya koya mini kada in yarda da ido a wannan aiki. Ka shimfiɗa tsumma a tafin hannu, ka kau da kai, ka shafa. Tudun da ido ya tsallake hannu zai gaya maka.

Da na zo Riyad sai na faɗa hannun wani dattijo ɗan Sham wanda ya yi aiki a kan manyan motocin Amurka tun ana yayinsu. A wajensa na koyi yanke wurin da ya ruɓe, a ƙera sabon faranti daidai ramin, a ɗiga walda nan da can ana barinta tana hucewa. In ka yi gaggawa ka ja ta a tafi ɗaya, zafi zai murɗe farantin ya koma kamar murfin tukunyar da aka taka. Shi ne kuma ya sa mini ƙin ma'ajun, ƙullin nan da ake cusawa a rami a shafe a fesa fenti a kai. Ɗan maganaɗisun da kuke gani a aljihuna gadonsa ne. In na ɗora shi a jikin mota ya zame ya faɗi, na san ba ƙarfe ne a wurin ba, wani ne ya binne lalacinsa.

Masu kawo mana tsofaffin motoci iri-iri ne. Akwai mai son ta yi ƙyalli don ya jingina a ɗauke shi hoto, shi wannan ko ka cika ta da ma'ajun godiya zai yi. Akwai mai son ya sayar, kullum yana kanka da waya. Sai kuma wanda ba motar ce a gabansa ba, wani mutum ne da ya taɓa zama a cikinta yake nema. Waɗannan su ne masu wuyar sha'ani, amma gaskiya su na fi so.

Abu Nawaf cikin waɗannan yake. Ɗan kasuwa ne mai ofis a unguwar Malaz, ba ya ɗaga murya, amma in ya yi shiru sai ka gwammace ya yi faɗa. Ya zo ya ce akwai motar mahaifinsa a tsohon gidansu na Nasiriyya, tun rasuwar tsohon ba ta motsa ba, shekara ashirin da 'yan kai. Mahaifin ya saye ta lokacin yana karatu a Amurka, ya sa ta a jirgin ruwa ya kawo gida. Yana so ta koma yadda ta fito daga kamfani, ba ƙari ba ragi.

Gidan tsoho ne, iyalin sun tashi tuntuni sun koma arewacin gari. An bar shi da dabinai, da rijiyar da ake ba su ruwa, da mai gadi. Mai gadin ya buɗe mana ƙofa, ya gaida Abu Nawaf da Larabci, ya dube ni sau ɗaya ya ce, “Sannu da zuwa, ɗana. Mutanen ina ne?” Baba Mamman ke nan, mutumin Damagaram, dogo, siriri, ya fara ranƙwafawa. Shi ne direban marigayin tun yana saurayi. Shi ya kai mu rumfar da motar take, kuma bai bar kowa ya taɓa tamfol ɗin da aka rufe ta da shi ba. Da kansa ya kwance igiyoyin, ya naɗe shi a hankali.

Mota ce ta gaske, irin mai dogon bonet da ƙofa biyu da injin silinda takwas, koriya mai duhu da baƙin zane biyu a kai. Tayoyi sun zauna, wannan ba abin mamaki ba ne. Da na buɗe ƙofa sai na ga kujeru a lulluɓe da farin yadi, fatarsu ko tsaga babu, sitiyari ba ƙura. Na ce a raina wannan aiki mai sauƙi ne. Sai na kai hannu bakin gilashin gaba, inda fenti ya yi ƙuraje, na danna da babban yatsa. Yatsan ya shige.

Ku saurara nan, don wannan shi ne rabin sana'ar. Tsatsa tana gaya maka inda mota ta zauna. Motar da ta yi rayuwa a Amurka daga ƙasa take ruɓewa, saboda gishirin da suke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara. Motar Jidda ko ta Dammam ko'ina take ci, iskar teku ba ta zaɓe. Motar Riyad kuwa rana ce ke kashe ta: fenti ya ƙone, roba ta bushe, kujera ta tsage, amma ƙarfen yana nan garau. Na kwanta na leƙa ƙarƙashin wannan, ƙasanta lafiya lau. Ruɓar duk a sama take: ramin da gilashin gaba ke zama, na gilashin baya, bakin but, cikin gindin ƙofofi. Duk inda ruwa zai gangara daga rufi ya kwanta, nan ta ci. Kuma a gefen kowace tsatsa akwai wani farin ɓawo kamar kanwa.

Abu Nawaf ba makanike ba ne amma ba wawa ba ne. Ya tambaye ni yadda aka yi mota ta yi tsatsa a Riyad, a cikin rumfa, a ƙarƙashin tamfol. Ina miƙewa idona ya sauka a kan tiyo a naɗe tsaf a jikin bango, da bokiti a kife, da soso a kansa. Na bi tiyon da ido har bakin rijiya. Na ce masa sai na gama buɗe ta tukuna zan iya faɗa.

Muka ja ta zuwa warsha muka fara kwancewa. Wannan shi ne wurin da hoton wayarku yake tsallakewa da kiɗa. Kowane noti da jakarsa, kowace jaka da sunan inda ya fito, don notin da ka jefar yau ba za ka same shi a duk Sina'iyya ba. Gilashin gaba sai da muka yi kamar muna ɗaukar jariri, don in ya fashe sai dai a nemo daga ƙetare. Na kankare fentin har ƙarfe ya fito tsirara, na zagaye kowane ruɓaɓɓen wuri da alli. Ramin gilashi shi ne mafi cin rai: lanƙwasa ne a kan lanƙwasa, ba a sayar da shi, sai ka ƙera da guduma a kan itace, ɗan guntu bayan ɗan guntu, kana gwadawa kana komawa. In ya kauce ko kaɗan gilashi ba zai zauna ba, in kuma ka matsa masa ya tsage.

Baba Mamman ya riƙa zuwa duba ta. Yakan biyo ta maƙabartar Al-Oud, inda matarsa take, sannan ya ƙaraso wajenmu ya zauna a kan tsohuwar kujerar mota da muke ajiyewa baƙi. Ranar da ya fara ganinta a kwance ba ƙofa ba gilashi, sai da ya dafa bango. Na ba shi shayi, hira ta buɗe. Ba su haihu ba shi da matar. A Damagaram duk wanda ya san shi ya riga shi tafiya, gidan da aka haife shi ma an sayar. Iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, tana hannun Abu Nawaf tun rasuwar tsohon, shi ke sabunta ta duk shekara. Ya ce ba abin da ya rage masa a duniya illa Allah Ya ɗauki ransa a garin nan a kai shi Al-Oud kusa da ita.

A cikin hirar nan ne ya gaya mini abin da na riga na zata, kuma da alfahari ya faɗa. Marigayin ba ya hawa motar sai ranar Juma'a, da ita yake zuwa masallaci, da kansa yake tuƙawa. Don haka kowace Juma'a da safe Baba Mamman ke wanke ta. Da ciwo ya kwantar da tsohon, ya kira shi ya ce ya kula masa da ita. Bai fasa ba ko Juma'a ɗaya. Da iyalin suka tashi aka yanke ruwan famfon gidan, sai ya koma ɗiban na rijiyar dabinai. Ya wanke ta tas, ya goge abin da hannu ke kaiwa, ya mayar da tamfol da wuri don kada ƙura ta sauka.

Kun gane abin da ya faru. Lokacin da mai ita ke raye, in an wanke ta sai a hau hanya, iska da rana su busar da duk ruwan da ya shige lungu. Da ya rasu wankin ya ci gaba, fitar ce ta tsaya. Ruwan rijiyar nan kuwa zartsi ne, dabino ne kawai ke jure shi. Ruwan gishiri ya kwanta a lungu, tamfol ya rufe, zafin Riyad ya dafa, kowane mako. Da ya bar ta ƙura ta binne ta, da wanki da sababbin roba kawai za ta buƙata. Na zauna ina kallonsa yana kurɓar shayi, tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Ana cikin haka shekarar annoba ta shigo, aka rufe gari. Ku da yawanku ba ku zo ba lokacin. Sina'iyyar nan da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda bugun guduma, ta yi tsit. Da ƙyar na samu na fesa wa motar fentin share fage kafin a kulle warsha, don ƙarfe tsirara ba ya jiran kowa. Robobi da fitilun da muka yi oda daga Amurka suka maƙale a hanya. Muka zauna a ɗaki a Al-Oud, mu da muke aikawa gida muka koma ana tambayarmu daga gida ko muna da abin ci. Da aka buɗe, warshoshi da yawa ba su sake ɗaga ƙofa ba. Abokan aikina biyu, ƙwararru, kafilansu, wato iyayen gidan da suka tsaya musu, suka ce ba za su iya sabunta musu iƙama ba, suka tattara suka koma. Ni motar nan ce ta riƙe ni, don mai warsharmu ya san ba wanda zai ƙarasa ta sai ni.

Abu Nawaf ma shekarar ta taɓa shi. Ya rufe wani reshe na kasuwancinsa, ya sallami direbobi. Ya zo warsha ya rame, ya zagaya motar, ya ce mini yana rage mutane kuma 'yan'uwansa na cewa tsohon gida ba ya buƙatar mai gadi, kyamara ta isa. Iƙamar Baba Mamman ta kusa ƙarewa kuma bai yanke shawara ba. Sannan ya koma kan tambayarsa. Ya ce ya kawo mai duba rufi, rumfar ba ta yoyo. A can zai mayar da motar in na gama, kuma ba zai zuba dukiya a kanta ba sannan abin da ya ci ta ya sake cinta. Yana son amsa kafin in fesa fenti.

Na ga ba makawa sai na fara da Baba Mamman, don ko Abu Nawaf bai tambaya ba, in na yi shiru ranar Juma'ar farko tiyo zai koma kanta. Da ya zo na kai shi wajen tulin guntayen da na yanke, na ɗauko na bakin gilashi na nuna masa farin ɓawon. Na ce ya ɗanɗana. Ya taɓa da yatsa ya kai harshe. Na yi masa bayanin ruwan da tamfol ɗin a hankali yadda zan iya. Na yanke ƙarfe mai kauri a rayuwata, amma ban taɓa aikin da ya yi mini nauyi kamar wannan bayanin ba. Ya daɗe yana juya guntun a hannunsa.

“Ni na yi mata wannan ke nan,” ya ce.

Na ce masa bai sani ba ne, kuma ga shawara. Ya daina wankin daga yau, ni kuma zan ce wa Abu Nawaf laima ce daga dabinai ta taru a ƙarƙashin tamfol. Ba ƙarya ce tsantsa ba, kuma ba wanda zai bincika. A raina na san in gaskiya ta fito a wannan shekarar, an ba Abu Nawaf dalilin da yake nema na sallama.

“A'a, ɗana,” ya ce. “Abincin gidan nan nake ci tun kafin a haife ka. Ba zan ci sauran da wannan a cikina ba. Kai dai ka raka ni, ka yi masa bayanin ƙarfen, don ni ban iya ba.”

Na yi ta ja da shi, har na tuna masa Al-Oud. Ya ce ya sani. Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye muku ba, don na ga kamar na miƙa masa igiya yana ture ta.

Muka je ofishin na Malaz. Baba Mamman ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya ƙi zama. Da Larabcinsa irin na tsofaffin Riyad ya faɗi komai, bai rage ba, ni kuma na ajiye guntun ƙarfen a kan tebur na yi nawa bayanin. Abu Nawaf ya saurara har ƙarshe. Fuskarsa ta canja, amma muryarsa ba ta tashi ba.

“Wa ya ce ka riƙa wanke motar da ba a hawa, ya Ammi?” in ji shi. Haka yake kiransa, wato baffana.

“Mahaifinka ne ya sa ni wankinta,” in ji Baba Mamman. “Bai ce in daina ba.”

Abu Nawaf ya dube shi, ya dubi ƙarfen, ya ce mu tafi zai neme mu. Bai ce an sallame shi ba, bai ce an bar shi ba.

Na koma kan aiki don ba ni da abin da ya fi. Na gama walda, na bi kowane ɗinki da guduma da ƙarfen tokara har hannu ya daina jin inda tsoho ya ƙare sabo ya fara. Launi kuma nasa aikin daban. Koren da muka tarar a jikin motar ba shi ne na asali ba, shekaru sun koɗar da shi. Na asalin yana ƙarƙashin robar ƙofa, inda haske bai taɓa shiga ba. Can na yanko ɗan guntu tun muna kwancewa, shi na kai wa mai haɗa fenti, muka yi ta gwadawa muna fitowa rana muna komawa, har sai da na kasa bambance su. Kayan Amurka suka iso, makaniken da ke kusa da mu, wani Bayamane, ya tayar da injin. Ranar da ta fara ruri, har masu shayi na ƙarshen layi sai da suka zo kallo. Baba Mamman bai zo ba. Tun ranar Malaz ya ɗauke ƙafa, in na kira shi sai gaisuwa kawai.

Abu Nawaf ya zo ganin fenti. Ya tsaya a gabanta ya daɗe, ya ce haka take ranar da mahaifinsa ya fara sa shi a kujerar gaba. Na ga ransa ya yi sanyi, na ce ko yanzu ko ba a yi ba. Ban roƙe shi don Allah don Annabi ba, na san irinsa roƙo ƙara musu tauri yake. Maganar sana'a na yi masa. Na ce motar da aka gyara in aka rufe ta aka manta, mutuwa za ta sake yi. Tana son wanda zai tayar da ita kowane mako, ya goge ta da busasshen tsumma, ya duba ko ɓera ya shiga waya, ya lura da ɗigon mai a ƙasa. Kyamara ba ta yin wannan. Na tambaye shi wa ke gare shi, cikin 'ya'yansa ko ma'aikatansa, da zai yi haka ba fashi ba tare da an tsaya a kansa ba. Na ce ruwan ne kuskure, ruwa kuma ana iya rufe shi. Ya ce in yi aikina in bar masa sha'anin gidansa. Na ce to, Allah Ya ja zamaninka, na koma kan goge bamba.

Ranar kai ta ni na tuƙa, Abu Nawaf na biye a tasa. Ban san wa zai buɗe mana ƙofa ba. Na yi hon, na jira. Baba Mamman ne ya buɗe, ya ƙara ramewa. Ya tsaya gefe tana wucewa, leɓɓansa na motsi. A cikin rumfa na ga an shafe ƙasa da siminti, an sa ƙofa, tiyon babu, an toshe bututun da ke zuwa daga rijiya. Abu Nawaf ya fito, ya karɓi mukulli a hannuna, ya zagaya motar. Sannan ya cire mukullin rumfar daga aljihu ya miƙa wa tsohon, ya ce masa an sabunta iƙama tun jiya, kuma Mu'allim zai nuna masa yadda ake kula da ita ba ruwa. Daga nan ya shiga motarsa. Na ji daɗi har sai da na zauna a kan dakali.

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Na nuna wa Baba Mamman tsumma mai laushi, da man gogewa, da yadda ake bi daga rufi zuwa ƙasa ba dannawa. Ya saurara da kyau, ya ce ya gane. Bayan ɗan lokaci ya kira ni ya ce ƙura ta sauka a kanta, ko zan leƙo. Na je na tarar da rumfar a share ƙal, tsummokaran a wanke a ninke, motar kuwa ƙura ta kwanta a kanta ba ko alamar yatsa. Bai taɓa ta ba tun ranar da na kawo ta.

Shi ya sa kuke ganin wasu Juma'o'in da safe ina rufe akwatin kayana in ce na tafi Nasiriyya. Ba biyana ake ba. Ina zuwa in tayar da ita, in bar ta ta yi zafi, in goge. Na yi masa bayani ya fi a ƙirga cewa busasshen tsumma ba ya cin ƙarfe, kuma ya yarda da bayanin. Zuwana na ƙarshe na sake gwadawa. Na ninke tsumman na miƙa masa, na ce ga bonet nan, wuri ne shimfiɗaɗɗe, ba abin da zai same shi. Ya dubi tsumman, ya mayar da hannuwansa biyu baya ya riƙe.

“Kai dai goge, ɗana,” ya ce. “Ni zan riƙa nuna maka inda ƙurar take.”